Yadda Ake Sarrafa Fitar da Sabuwar Siga da Rubuta Jagorar Manhajar Kula da Kwantena

Manhajar layin umarni da ake kunna kwantena (keɓaɓɓun muhallan da manhajoji ke gudana a ciki) da ita, a tsayar da su, a duba halin da suke ciki, tana da masu amfani a kan na'urori iri-iri: wani yana kan Linux, wani kan macOS, wani kuma kan Windows. Idan mai manhajar yana haɗa wa kowannensu fayil da hannunsa duk lokacin da sabuwar siga ta fito, ba a jimawa zai manta da ɗaya, ko ya saki sigar da jagorarta ke bayanin wani zaɓi da tuni aka cire. Abin da ake nema shi ne aikin mutum ya tsaya a kan sanya alamar siga a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen rubutun manhaja, ragowar kuma na'ura ta kammala. Misalin da za a bi a nan na manhajar da aka rubuta da harshen Go ne, domin da shi aka rubuta manhajojin kwantena irin su Docker da Podman da Kubernetes.

Mataki na farko shi ne a tsayar da ƙa'idar lambar siga. Wadda aka fi bi ita ce SemVer, wadda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub (dandalin ajiye rubutun manhajoji a intanet), ya tsara. Lambobi uku ne, kamar v1.4.0: ta ƙarshe tana ƙaruwa idan gyaran kuskure kawai aka yi, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa na da ba, ta farko kuma idan an kawo canjin da zai karya aikin masu amfani. A nan ne ake yawan yin sakaci, domin manhajar kula da kwantena ba mutum kaɗai ke kiranta ba, akwai ɗimbin rubutattun umarni da ke gudana da kansu a kan sabobi cikin dare. Saboda haka sauya sunan wani zaɓi, ko sauya tsarin bayanin JSON da manhajar ke fitarwa, ko sauya lambar da take mayarwa idan ta gaza, duk manyan canje-canje ne ko da a ido ba su kai komai ba. Lambar kanta kada a rubuta ta da hannu a cikin manhajar. A bar ta ta shiga lokacin haɗawa ta hanyar `-ldflags "-X main.version=..."`, ta yadda abin da `--version` zai nuna shi ne abin da ke kan alamar Git.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne jagorar ta fito daga cikin rubutun manhajar kanta. Cobra, ɗakin karatun Go na gina manhajar layin umarni, wadda Steve Francia ya ƙirƙira kuma kubectl ta Kubernetes da manhajar layin umarni ta Docker suke amfani da ita, ta tanadar wa kowane umarni gurbin taƙaitaccen bayani, da na dogon bayani, da na misalai. Idan aka cika waɗannan gurabe da kyau, sashen `cobra/doc` zai fitar da shafukan `man`, wato jagorar da ake karantawa a layin umarni, ta hanyar `GenManTree`, da shafukan Markdown na intanet ta hanyar `GenMarkdownTree`, duka daga tushe ɗaya da abin da `--help` ke nunawa. Cobra tana kuma samar da fayilolin cike umarni na bash da zsh da fish da PowerShell. Sai a rubuta ɗan ƙaramin shiri da zai fitar da shafukan, a sa gwajin da ke gudana a kan kowane canji ya kira shi, sannan ya bi da `git diff --exit-code`. Duk wanda ya ƙara zaɓi bai sabunta jagora ba, gwajin zai faɗi, canjin nasa kuma ba zai shiga ba. A kashe layin kwanan wata da Cobra ke ƙarawa a ƙasan shafi ta hanyar `DisableAutoGenTag`, in ba haka ba gwajin zai riƙa faɗuwa kullum babu dalili.

Akwai abin da na'ura ba za ta rubuta ba. Yadda ake girka manhajar, da yadda take magana da injin kwantena ta `/var/run/docker.sock` ko ta soket ɗin Podman, mutum ne zai zauna ya bayyana su. Ya kuma wajaba a faɗa ƙarara cewa saka mutum a rukunin `docker` daidai yake da ba shi ikon `root`, wato cikakken iko, a kan na'urar.

Mataki na uku shi ne haɗa fayilolin, kuma manhajar GoReleaser ce ta fi sauƙaƙa wannan. A cikin `.goreleaser.yaml` a lissafa tsarukan da ake so, wato linux da darwin (macOS) da windows, kowanne da nau'ikan masarrafi amd64 da arm64. Ba a barin arm64 a baya tun da Apple ta fito da masarrafinta na M1, mai tsarin arm64, a shekarar 2020. A sa `CGO_ENABLED=0` domin fayil ɗin ya tsaya da ƙafafunsa ba tare da neman ɗakunan karatun C na na'urar da zai sauka ba, sai dai a fara duba ko wani abin da manhajar ta dogara da shi yana buƙatar C, kamar yadda wasu sassan Podman suke. A saka shafukan `man` da fayilolin cike umarni a cikin ƙunshin, a nemi fakitin deb da rpm, da fayil ɗin lissafin SHA-256 da ake tantance ingancin fayiloli da shi. Kafin a je ko'ina, a gudanar da `goreleaser check`, sannan `goreleaser release --snapshot --clean`, wanda zai haɗa komai a babban fayil na `dist` ba tare da ya wallafa ba.

Mataki na huɗu shi ne a miƙa aikin ga GitHub Actions, tsarin GitHub na gudanar da ayyuka kai tsaye, a sa ya tashi idan an tura alamar da ta fara da `v` kaɗai. Abubuwa biyu ne suka fi tuntuɓar da mutane. Na ɗaya, `actions/checkout` canji na ƙarshe kawai take ɗaukowa, don haka sai an sa `fetch-depth: 0` kafin GoReleaser ta ga tarihin da za ta rubuta jerin canje-canje daga gare shi. Na biyu, sai an ba aikin izinin `contents: write`, kuma `GITHUB_TOKEN` ba ya ƙetare ma'ajiyar da aikin ke gudana a ciki, saboda haka sabunta ma'ajiyar Homebrew, manhajar girke-girke ta macOS da Linux, na buƙatar mabuɗi na daban. A sa gwaji ya gabaci fitarwa, gwajin da zai kunna kwantena ta gaske ya tsayar da ita, tunda na'urorin Ubuntu na GitHub suna zuwa da Docker a girke. Jerin canje-canjen kuwa kyansa ya dogara ne da saƙonnin da aka rubuta a Git, shi ya sa ake fara su da `feat:` ko `fix:` domin a iya rarraba su.

Daga nan a ƙara sa hannu na dijital a kan fayilolin da cosign na Sigstore, wanda ke aiki ba tare da an ajiye mabuɗin sirri ba idan aka ba aikin izinin `id-token: write`.

Idan komai ya tsaya, fitar da siga ya zama `git tag -a v1.4.0 -m "v1.4.0"` sai `git push origin v1.4.0`. Idan kuma aka gano kuskure bayan an fitar, kada a goge alamar a sake ɗora ta a wani wuri. Sabar proxy.golang.org tana ajiye kwafin sigar da aka taɓa nema, sum.golang.org kuma tana riƙe da lissafinta, don haka masu saukewa za su ci karo da gargaɗin rashin daidaito. A gyara kuskuren, a sa `retract v1.4.0` a cikin `go.mod`, wanda Go ta fara karɓa tun siga ta 1.16, sannan a fitar da v1.4.1.