Yadda za ka nuna haɗewar tantanin ƙwayar halitta da kumfar sabulu

Yaran da nake koya wa bayoloji da yamma a Agege sun haddace cewa kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani. Inda suke cijewa shi ne yadda tantani biyu ke zama ɗaya ba tare da abin ciki ya zube ba. Zane a allo ya gaza, sai na koma ga faranti.

Ka tanadi farantin silba, ruwan sabulun wanke-wanke da ɗan sukari a ciki don kumfar ta yi ƙarko, da bututun biro. Kashe fanka tukuna, ko da zafin Legas zai sa a yi maka tsaki.

Da farko jiƙa farantin, ka hura kumfa biyu nesa da juna. Nan za ka gaya musu cewa tantani rufi biyu ne na maiƙo, kaurinsa kusan nanomita 5 (nanomita ɗaya kashi 1 ne cikin miliyan na milimita). Kowane ƙwayar maiƙon yana da kai da wutsiya: kawunan na son ruwa, wutsiyoyin na gudunsa, shi ya sa suke ɓuya a tsakiya. A kumfa abin a juye yake, ruwan ne a tsakiya. Kada ka ɓoye musu wannan.

Sai ka tura kumfa ɗaya da jiƙaƙƙen bututu har ta kusanci 'yar'uwarta. A jiki wannan ne aiki mai wuya, domin ruwan da ke manne da kowane tantani yana hana su taɓa juna. Furotin da ake kira SNARE ne ke yin dole. A ƙwayar jijiya mai kai saƙo, SNARE uku ne: synaptobrevin na jikin 'yar jakar da ke ɗauke da saƙo, syntaxin da SNAP-25 kuma na jikin tantanin ƙwayar da jakar za ta haɗe da shi. Sukan nannaɗe da juna kamar ana tufka igiya, tun daga can ƙarshe har zuwa gindi, su jawo tantanin biyu su matse ruwan ya fita. Ni kan sa yara biyu su sarƙe yatsu su ja.

Da kumfan sun taɓa, ku duba da kyau: bango ɗaya ya raba su. Haka tantani ke yi a rabin hanya. Rufin waje na biyun ya gauraya, na ciki bai kai ba, kayan kowa na wurinsa.

Yanzu tsoma tsinke a ruwan sabulu, ka shigar da shi a hankali, ka taɓa bangon tsakiyar. Sai an yi ta gwadawa, sau da yawa duka biyun ke fashewa. In ka dace, kumfa ɗaya babba za ta tsaya. A jijiya sinadarin kalsiyam ne tsinken: yana shigowa, furotin synaptotagmin ya kama shi, 'yar kafa ta buɗe cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Bayan nan furotin NSF ya kwance igiyar da ƙarfin ATP, wato makamashin ƙwaya, don a sake amfani da ita.

Gano wannan tsari na jigilar kaya a cikin ƙwaya ne ya ba James Rothman, Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel a 2013. Abin da ya fi kama yaran kuwa cutar tetanus ce. Dafin ƙwayar cutar yana datse synaptobrevin a jijiyoyin da ke sassauta tsoka, shi ya sa jikin wanda ya taka tsatsar ƙusa bai yi allura ba yake iya sandarewa.