Yadda ake yanke kacalla a buɗe wa ruwa hanya a fadamar Haɗejiya da Nguru

Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Guri ko Nguru ya ga kacalla, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero, wadda kan fi mutum tsawo. Yaɗuwarta ta biyo bayan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 da na Challawa da aka kammala a 1992, waɗanda ke tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗejiya. A da, kogi ya kan cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe ta tsage. Yanzu ana sako ruwa daga dam rani da damina, ruwa marar zurfi mai kwanciya wuri ɗaya, irin wanda kacalla ke so. Ta toshe rassan kogi, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu a yankin Marma, reshen kogin da ke bi zuwa Nguru, mutanen Gashuwa da na gaɓar Komadugu Yobe har Diffa kuma suna jiran abin da bai iso ba. A cikinta jan baki ke kwana, ya waye gari a gonar shinkafa.

Ana iya cin ƙarfinta da lauje da adda, in an bi ƙa'ida.

Da farko a zauna. Gari ɗaya ba ya buɗe kogi. In kun share naku yanki, na ƙasa da ku yana toshe, ruwan da kuka saki gonakin maƙwabta zai hau, daga nan sai rigima. A tara dagatai, sarkin ruwa, manoma, masunta da ardon makiyaya, a bi hanyar ruwan da kwalekwale, a ga inda ya tsaya, a raba wa kowane gari nasa kaso. Aikin gayya ne, kuma daga ƙasa ake faro shi a yi sama, domin ruwa ya samu mafita tun kafin a ƙaro shi.

Sai zaɓen lokaci. A yanke ta sa'ad da ta fara fitar da kai, kafin ya nuna. A lokacin ta kwashe abincin da ta tara a saiwa ta kai sama, ba ta da ƙarfin farfaɗowa da sauri. In aka bari kan ya bushe ya fashe, iska za ta watsa irin kamar audugar rimi, an shuka ta ke nan a sabon wuri.

Yankan kansa shi ne inda akasarin mutane ke kuskure, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta. Saiwar kacalla tana kwance cikin laka inda babu iska. Ta ganye da kara take numfashi, don cikinsu rami-rami ne kamar soso, iska na bi ta nan ta sauka har ƙasa. In ka sare ta sama da ruwa, ka bar mata hanci a buɗe, cikin 'yan makonni za ta dawo kore shar. Ka nutsa laujenka, ka yanke ta can ƙasa kusa da laka, yadda ruwa zai rufe kututturen da taki guda ko fiye. Ruwan ne zai shaƙe ta, saiwar ta ruɓe. Ka tuna kuma da zarar hanya ta buɗe ruwa zai ɗan sauka, saboda haka gara ka zurfafa yanka da ka bar kututture ya leƙo.

Yanka ɗaya ba ya isa. Bayan 'yan makonni a koma a yanke duk tohon da ya huda ruwa, a sake a karo na uku in ta kama. Na biyun da na ukun ba su kai na farko wahala ba, amma su ne ake yawan watsarwa, aikin wata guda ya tafi a banza.

Wuta ba ta kashe ta, ganye kawai take ci, saiwar na nan lafiya cikin laka. Maganin feshi kuwa ni ban yarda a zuba shi a ruwan da yara ke sha, shanu ke sha, masunta ke kamun kifi ba.

Abin da aka yanke kada a bar shi yana yawo a ruwa, zai taru a wata kwana ya zama sabuwar toshiya. A ja shi da manjagara da igiya zuwa tudu, a baza ya bushe. Ana saƙa tabarma da shi, ana rufin rumfa, ana tara shi ya ruɓe ya zama taki. A kwarin kogin Senegal, inda ciyawar ta addabe su kamar mu, har gawayin girki ake yi da ita. Inda laka ta cika hanya a yashe ta, a zubar nesa da gaɓa don kada ruwan sama ya maido ta. A bar mashayar dabbobi a buɗe.

Masu shiga ruwa su sa takalmin roba mai tsawo. Akwai matsattsaku da macizai, akwai kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aiki ya je asibiti, maganinta yana nan kuma yana aiki. Yara ƙanana su tsaya a tudu wajen baza ciyawa.

Bayan an gama, kowane gari ya naɗa mutum biyu ko uku masu zagaya yankinsa da kwalekwale duk mako, su cire toho tun yana ƙarami. Shugabannin garuruwan kuma su kai buƙatarsu a rubuce ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are: a riƙa sanar da su ranakun sakin ruwa daga dam, domin su daidaita yanka da lokacin da ruwa zai rufe kututture, a kuma ba fadama wasu makonni na bushewa da rani.