Yadda ake zaɓen ƙaramar tocila mai haske ta sawa a aljihu

Yawancin masu sayen tocila abu ɗaya suke dubawa a jikin kwali, wato babbar lambar nan ta lumen, ma'aunin yawan haske. In sun ga 2,000 hankalinsu ya kwanta, in sun ga 300 su ture ta gefe. Ni ma da haka na fara. Na sayi wata mai ɗauke da lamba mai ban tsoro, daren farko na kunna ta kamar gari ya waye, amma kafin minti biyu ta ɗauki zafin da sai da na sauya mata hannu, hasken kuma ya zube ya koma kamar na kowace tocila. Wani dare na so in ɗauko magani a ɗaki ba tare da na ta da mai barci ba, sai na tarar ba ta da ƙaramin haske ko kaɗan, ina dannawa ɗakin ya cika fal. Ba ta yi wata biyu a aljihuna ba ta koma durowa. Tun daga nan na daina fara duba lamba, na koma bin matakan da zan zayyana a nan.

Mataki na 1: Fara da aljihunka da irin aikinka

Tocilar da ta yi maka nauyi za ka bar ta a gida, ranar da kuma za ka buƙace ta ba ta tare da kai. Saboda haka ka fara tambayar kanka inda za ta zauna: jikin makulli, aljihun riga, ko aljihun wando. A wurina, duk wadda ta wuce santimita 12 a tsayi, ko ta haura giram 100 da batirinta sosai, ta fita daga sahun ta kullum.

Sannan ka tuna abin da ka haska a makon da ya wuce. Galibi ba wani abu mai nisa ba ne: ƙasan kujerar mota, bayan firji, ramin makulli, matattakalar bene, hanyar da ba fitila, ko cikin gida in wuta ta ɗauke. Wani zai ce ai wayarsa tana da fitila. Gaskiya ne, amma haskenta watsuwa yake yi, ba ya zuwa ko'ina, yana cin cajin da za ka kira mutane da shi, kuma ba wanda ke son cusa wayarsa cikin injin mota.

Mataki na 2: Zaɓi batir kafin ka zaɓi tocilar

Batir shi ne yake yanke girman tocila, da ƙarfin haskenta, da daɗewarta. Mai cin AAA guda ɗaya siririya ce kamar biro, tana shiga jikin makulli, sai dai ba ta da dogon numfashi. Mai cin AA ɗaya ta ɗan fi kauri, kuma ita nake nuna wa duk wanda ba ya son wahala, domin duk inda ka je a duniya za ka samu AA. Mai cin 18650 ita ce ta masu son haske mai ƙarfi na tsawon lokaci. Sunan ma daga girman batirin aka ɗauko shi: kauri milimita 18, tsayi milimita 65. Batirin litiyam ne da ake cajawa, kuma mai kyau guda ɗaya yana ɗauke da wutar da ta kai ta batirin AA mai caji wajen guda biyar.

Akwai wani ɗan litiyam da ake kira 14500, girmansa ɗaya da AA, amma ƙarfin wutarsa bolt 3.7 ne, alhali AA na yau da kullum bolt 1.5 ne. In tocilarka ba a rubuta tana karɓarsa ba, kada ka saka mata, tana iya ƙonewa. Wadda ke karɓar duka biyun kuwa riba biyu ke nan: kana amfani da mai caji kullum, in ya ƙare a kan tafiya ka sa mata AA.

Abu biyu nake so ka kiyaye a nan. Na farko, batirin alkalin da ake yarwa in ya ƙare yana zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe in ya daɗe a cikin tocila. Sau da yawa za ka buɗe murfi ka tarar batirin ya manne, siririyar wayar da ke danne shi ta yi kore, tocilar ta tashi aiki. Batirin NiMH mai caji, irin su Eneloop na kamfanin Panasonic, ba ya yin wannan ɓarna, kuma yana riƙe cajinsa wata da watanni. Na biyu, batirin 18650 na gaske ba ya wuce wajen mAh 3,500 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) da wani abin kirki. In ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa, ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya yi ƙarya a lamba ba za ka amince masa a kan abin da ya zuba a ciki ba. Kada kuma ka taɓa jefa batirin litiyam tsirara a aljihu tare da makullai ko sulalla. In ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, wuta yake kamawa.

Wasu tociloli batirinsu a rufe yake, ana caja su ta ramin USB-C kamar waya. Suna da sauƙin sha'ani, amma ranar da batirin ya tsufa, tocilar ta tsufa da shi. Na fi son wadda ke da ramin caji kuma ana iya cire batirinta.

Mataki na 3: Koyi karanta lambobin da ke jikin kwali

Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido, don haka zan ɗan daɗe.

Lumen yana nufin jimillar hasken da ke fita daga tocila. Idon ɗan Adam ba ya ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga kuɗi: sai ka ninka lumen wajen sau huɗu kafin ido ya ga kamar hasken ya ninka sau biyu. Wato tsakanin mai 800 da mai 1,000, da ƙyar za ka ga bambanci ko da an kunna maka su gefe da gefe.

Kamfanonin kirki suna bin wata ƙa'idar gwaji mai suna ANSI FL1, wadda aka fitar a Amurka a 2009. Yana da kyau ka ga sunanta a kwali, amma ka san yadda take awo. Ana auna lumen ne tsakanin daƙiƙa 30 da minti biyu bayan kunnawa. Tsawon lokacin aiki kuwa ana ci gaba da ƙirga shi har sai hasken ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Saboda haka in ka ga an rubuta lumen 1,500 na awa biyu, ba ana nufin za ta yi awa biyu tana ba da 1,500 ba. Mai yiwuwa minti ɗaya ko biyu take yi a can sama, ta sauko zuwa 400, ta yi ta jan ƙafa har batirin ya ƙare.

Dalilin saukowar zafi ne. Kafin ƙwan LED ya ba da lumen 1,000 yana buƙatar wutar da ta kai wajen wat 8 zuwa 10, kuma kaso mai yawa na wannan wutar zafi yake zama. Jikin ƙarfe mai girman yatsa biyu ba shi da inda zai kai wannan zafin, dole tocilar ta rage wa kanta ƙarfi. Matakin haske mafi ƙarfi, wanda suke kira Turbo, na leƙe ne kawai. Abin da ya kamata ka nema shi ne hasken da take iya riƙewa ba yankewa, kuma kamfanin da ya yarda da kayansa yakan zana layin da ke nuna yadda hasken ke sauka a kan lokaci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga yadda nake kallon buƙatar yau da kullum. Lumen 1 ko ƙasa da haka ya isa ka zaga ɗaki da tsakar dare idonka bai tashi daga duhu ba. Daga 10 zuwa 30 ya isa karatu da neman abu a jaka. Daga 100 zuwa 300 ya isa tafiya a hanya mai duhu da gyare-gyare. Abin da ya haura wannan na ɗan lokaci ne, in ka ji motsi a can nesa.

Sai lamba ta biyu da mutane ba sa kulawa, kandela, wadda ke nuna ƙarfin tsakiyar hasken, wato nisan da zai harba. Daga ita ake fitar da mitocin da ake rubutawa a kwali: kandela 2,500 ita ce mita 100, kandela 10,000 ita ce mita 200. Ka lura, sai an ninka kandela sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Kuma a ƙarshen wannan nisan, hasken da ke sauka bai wuce kwatankwacin farin wata ba. In kana so ka san nisan da za ka gane fuskar mutum ko ka bambanta kare da kututture, raba abin da aka rubuta gida biyu, ko ma uku.

Mataki na 4: Dubi siffar hasken da launinsa

Tocila mai zurfin baki da santsin madubi tana tattara haske wuri ɗaya, ta harba shi nesa. Daɗin kallo gare ta a fili, amma in ka haska takarda da ita farin ɗigon tsakiyar zai kashe maka ido. Ta aljihu ta fi kyau da haske mai faɗi, tsakiyarsa mai laushi, yana narkewa a hankali zuwa gefe. Masu bakin da ake ja gaba da baya don a faɗaɗa ko a matse haske ba na ba da shawararsu: in ka matse, haske mai yawa yana maƙalewa a ciki, kuma ta wurin jan nan ƙura da ruwa suke shiga.

Launi ana auna shi da Kelvin. Wajen 3,000 haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, 6,500 fari ne fat mai sirkin shuɗi, tsakanin 4,000 da 5,000 kuwa shi ya fi kwanciya a ido. Fari mai shuɗin nan yana sa tocila ta yi kamar ta fi haske, amma cikin hazo ko ƙura dawo maka yake yi a fuska. Akwai kuma CRI, ma'aunin da ya tsaya a 100, mai nuna yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya. Tociloli da yawa a wajen 70 suke. Ƙwai masu 90 zuwa sama, irin su 519A na kamfanin Nichia na Japan, lumen ɗinsu ya ɗan yi ƙasa, amma ka buɗe akwatin wayoyin wuta da irinsu ka gani: ja ya fita daban, ruwan ƙasa ya fita daban. Ko ka ce wa yaro ya buɗe baki ka duba maƙogwaronsa, za ka ga inda ya yi ja sosai. Da ɗayan hasken, komai toka-toka yake fitowa.

Mataki na 5: Gwada makunnin

Makunni iri uku ne: na gindi da ake dannawa da babban yatsa, na gefe, da wanda ake murɗa kan tocilar. Na gindi ya fi sauƙin samu a duhu. Na gefe yakan danne kansa a aljihu, kuma tocila mai ƙarfi da ta kunnu a Turbo cikin wando tana iya ƙona yadi, har ta taɓa fata. Ka tabbata akwai hanyar kulle ta. A da yawa daga masu jikin alminiyom, sassauta murfin gindi kaɗan ya isa ya yanke wutar gaba ɗaya, ya kuma hana makunnin gefe tsotsar batir a hankali in an ajiye ta.

Tambayi kanka kuma: daga kashe, zan iya shiga ƙaramin haske kai tsaye? Zan iya kashe ta da dannawa ɗaya? Duk wadda sai ka ratsa ta cikin haske mai walƙiya kafin ta mutu, bar ta inda ka gan ta.

Mataki na 6: Jiki da ruwa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Juriyar ruwa da lambar IPX ake rubuta ta a kwali: IPX4 na jure fantsamar ruwa ne kawai. IPX7 na jure nutso a zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX8 ya wuce haka. Ta kullum kada ta gaza IPX7. Ka duba maƙalin da ake soke ta da shi a bakin aljihu ya yi ƙarfi, kuma in yana maƙalawa ta fuska biyu za ka iya ɗora ta a bakin hular hana-sallah hannuwanka su huta. Maganaɗisu a gindi yana da amfani ga mai aiki a jikin ƙarfe, sai dai yana kwaso ƙusoshi da duk wani ɗan ƙarfe da ke aljihu.

Mataki na 7: Jarraba ta ranar da ta shigo hannunka

Gani ya kori ji. Caja batirin ya cika, ka shiga ɗaki mai duhu. Haska farin bango daga nisan taku biyu ka duba ko akwai zobba-zobba, ko baƙin ɗigo a tsakiya, ko launin kore a gefe. Koma ƙaramin mataki, ka kaɗa yatsunka da sauri a gaban hasken, ko ka haska ruwan da ke zuba daga famfo. In ka ga hoton yana yankewa gutsi-gutsi, tocilar tana ƙyafta haske ne da sauri don ta rage shi, abin da ke sa wasu ciwon kai in sun daɗe suna karatu da ita. Daga nan ka sa ta a matakin tsakiya, ka ajiye ta a kan tebur minti goma sha biyar, ka dawo ka taɓa jikinta ka ga ko hasken yana nan yadda ka bar shi. Gwada cajinta da igiyar da kake caja wayarka, domin wasu masu ramin USB-C ba sa karɓar caji sai da igiyar da ɗaya bakinta babban USB ne na da. Ƙarshe, buɗe murfin gindi ka duba siririn zoben robar da ke hana ruwa shiga. In a bushe yake, shafa masa man silikon kaɗan, sauran zobban da suka zo a kwali kuma ka adana su inda za ka tuna.