Yadda ake gyaran ginshiƙin da ya ruɓe a tsohon rumbun katako

Manyan rumbunan hatsi na Ingila, irin na Harmondsworth da ke kusa da filin jirgin Heathrow, wanda aka gina wajen 1426, da itacen ok (oak), wani itace mai ƙarfi da ake samu a Turai, aka tsayar da su, ƙusoshinsu ma na itace ne. Galibi daga gindin ginshiƙi suke fara lalacewa, inda danshi ke kwanciya.

Da farko a nemi izinin hukuma, domin doka na kare irin waɗannan gine-gine. Sannan a caka sukuddireba a gindin ginshiƙin; inda ta nutse, wurin ya ruɓe. A gwada danshi da na'ura: idan ya haura kashi 20 cikin 100, ruɓa za ta ci gaba. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 3 alamar ƙwaro ne mai cin itace.

Kafin a ɗauki zarto, a gano ta inda ruwa ke shigowa. Ko rufi ne ke yoyo, ko indararo ya toshe, ko ƙasa ta taru ta rufe tushen ginin. Wanda ya tsallake wannan, aikinsa zai sake ruɓewa.

A tokare nauyin rufin da jak da katakai masu kauri, a ɗaga a hankali, kaɗan-kaɗan. Gaggawa na tsaga mahaɗan da ke sama.

A yanke ruɓaɓɓen wurin kawai. Cire ginshiƙi gaba ɗaya asara ce babba, domin alamomin da kafintocin farko suka zana don gane mazaunin kowane katako suna jikinsa. Yankan ya zama dogo a karkace, yadda sabon itace zai kwanta jikin tsohon. Sabon ma ya kasance ok busasshe. Ɗanye yana motsewa idan ya bushe, mahaɗin ya buɗe.

A haɗa da ƙusoshin ok masu kaurin kamar santimita 2.5. Kada a sa ƙarfe na gama-gari, ruwan itacen yana cinye shi da tsatsa, ya baƙanta katakon. In dole ne, a sa ƙarfen da ba ya tsatsa.

Tushen kuwa a gyara shi da kwaɓin farar ƙasa, ba siminti ba, don siminti na riƙe ruwa a jikin itace. Sai kwaɓin ya kama sosai a sauke jak.