Tare igiya daban, shanye ta daban: kurakuran masu haɗa kayan shanye maikrowef

Duk shekara sai sababbin ɗalibai sun shigo ɗakin gwaji sun afka ramin da na taɓa afkawa, har bakina ya gaji.

Babban ramin shi ne zaton duk abin da ya hana igiyar maikrowef (igiyar rediyo da ido ba ya gani, irin ta radar) wucewa ya shanye ta. Farantin tagulla ma yana hana ta wucewa, amma mayar da ita yake inda ta fito, kamar madubi. Ni da kaina na kwaɓa garin kabon cikin gam, na ga ɗan kaɗan ya yi aiki, sai haɗama ta kama ni, na yi ta zubawa har kwaɓin ya yi baƙi ƙirin. Wata biyu ina fama, kuɗin kayan ma rance ne. Ranar da muka ɗora shi a na'ura, igiyar ta dawo kusan ɗungurungum. Kabon ya yi yawa, fuskar ta koma mai ɗaukar lantarki, igiya ba ta samu ƙofar shiga ba, balle ta mutu a ciki. Turjiyar da igiya ke gamuwa da ita a sarari om 377 ce (om shi ne ma'aunin turjiya). In ta fuskar kayanka ta yi nisa da wannan, ka yi aikin baban giwa. Shi ya sa soson da ake liƙawa a ɗakin gwajin eriya yake da tsini kamar dala, don igiya ta shige a hankali. Yanzu kaɗan-kaɗan nake ƙara kabon, ina aunawa kowane zubi. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Sai kauri. Allon Salisbury, tsohuwar dabarar ɓoye wa radar da ake ajiye siririn allo mai turjiya gaban farantin ƙarfe, yana aiki ne in tazararsa da farantin baya ta kai kwatan tsawon zangon igiyar. A gigahaz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya) 2.45 na tandun ɗumama abinci, wajen santimita 3 ke nan. A gigahaz 77 na radar mota, kusan milimita ɗaya. Amma yaro zai kwafo kaurin wani, ya zo yana ce min na'ura ta lalace. Kai ne ka lalace!

Kuma ku daina yi min alfahari da desibel 50 (ma'aunin raguwar igiyar da ta dawo) a kan zango ƙwaya ɗaya. Desibel 10 ma an shanye kashi 90 cikin ɗari ne. Nuna min faɗin zangon da kayanka ya riƙe hakan.

Tayil ɗin ferait, wato tangaran mai maganaɗisu, gwani ne a ƙasa da gigahaz ɗaya, kada ka ja shi sama.

Igiyar da aka shanye kuwa zafi take komawa, dabarar da ke gasa gugguru a jakarsa ta tandu. Ka sakar wa soso igiya mai ƙarfi ba iska, za ka ji ƙauri.