Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin samfur da ƙananan ɗigo

A fasahar ƙananan ɗigo (droplet microfluidics) ana raba samfur ne, wato ruwan da ake son gwadawa, zuwa dubban ɗigo a cikin mai, kowane ɗigo ya zama kamar kwalbar gwaji mai zaman kanta. Lissafin duka ya rataya a kan abu biyu: ɗigon su zo da girma ɗaya, kuma kada su haɗe. Yawancin ɓarna tana faruwa tun kafin samfur ya isa na'urar karantawa.

Babban kuskure shi ne barin bangon magudanar cif, wato ɗan allon da ake yin ɗigon a cikin siraran hanyoyinsa, yana son ruwa. Idan aka manna cif na PDMS (wata roba ta silikon) da gilashi ta hanyar filasma (iskar gas mai cajin lantarki), bangon yakan koma mai jan ruwa, sai samfur ya riƙa lafewa a jikinsa ya miƙe kamar zare maimakon ya tsinke. Maganinsa a ɗura sinadarin da ke sa bango korar ruwa, kamar Aquapel ko silen mai fulorin, a hure da iska, a busar. Sannan mai ake fara saki ya cika magudana kafin a buɗe samfur. In ruwa ya riga shiga, ya jiƙa bangon ke nan.

Kumfar iska a sirinji ko tiyo ma tana lalata aiki, domin iska tana matsuwa ta kuma saki, gudun ruwa ya riƙa hawa da sauka. A fitar da ita tsaf, a bar famfo ya daidaita na 'yan mintuna, a zubar da ɗigon farko. Kada a raina ɗan bambancin girma: ɗigo mai faɗin maikuromita 50 (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya) yana ɗaukar kimanin fikolita 65 (fikolita biliyan ɗaya ne mililita ɗaya), kuma ƙarin kashi 10 cikin ɗari a faɗi yana ƙara abin da ke ciki da kusan kashi 33.

Toshewa kuwa daga ƙura take. A tace mai da ruwan haɗi da matata mai ƙofa maikuromita 0.22.

Haɗewar ɗigo galibi daga matsalar sinadarin safaktan take, wato abin da ke lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi haɗewa da wani. Da man HFE-7500 akan sa safaktan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, kuma in za a yi PCR, wato gwajin ninka DNA ta hanyar ɗumamawa da sanyayawa, dole safaktan ɗin ya iya jure zafi. Zuƙar ɗigon da gaggawa wajen kwashe su ita ma tana fasa su. A na'urar QX200 ta Bio-Rad, inda maikurolita 20 na samfur da 70 na mai ke ba da ɗigo kusan 20,000, a zuƙa a hankali, a sauke a jikin bangon gurbi, wato ɗan ramin farantin gwaji, a saita hawa da saukar zafi a digiri 2 cikin daƙiƙa. Gurbin da ya ba da ƙasa da ɗigo 10,000 kada a yarda da sakamakonsa.

Inda aka fi samun damuwa shi ne cika samfur da ƙwayoyi fiye da kima. Mutane na ganin ɗigon da babu komai a ciki asara ne, alhali da su ake lissafi. Rabon ƙwayoyi cikin ɗigo yana bin ƙa'idar Poisson, wato lissafin yadda abu ke rabuwa bisa dace. In matsakaici ƙwaya 1 ce ga kowane ɗigo, kashi 37 fanko ne, kashi 37 na da ɗaya, kashi 26 na da biyu ko fiye. Mai son ƙwayar halitta ɗaya tak a ɗigo sai ya tsarma zuwa 0.1, inda kusan kashi 90 za su fito fanko, masu biyu kuma ba su kai kashi 1 ba. A PCR kuma, ɗigon da ke ɗauke da abin da ake nema ne ke haske, in kuwa duk ɗigon sun haska, babu adadin da za a iya fitarwa, sai dai a tsarma a sake.

Ƙwayoyin halitta suna kwantawa a sirinji, adadinsu ya sauya ana cikin aiki. A daidaita nauyin ruwan da na ƙwayoyin ta hanyar zuba OptiPrep, sinadarin ƙara wa ruwa nauyi, ko a sa ƙaramin maganaɗisun motsawa. Wasu rinuna masu haske, irin su resorufin, suna tsallakawa ta cikin mai zuwa maƙwabcin ɗigo, don haka a haɗa ɗigo masu rini da marasa rini a kwalba ɗaya, a auna su bayan tsawon lokacin da gwajin zai ɗauka, kafin a taɓa samfur na gaske.