An kafa akwatin kondansate, tara ba ta daina zuwa ba

Masu injinan ƙanƙara da manyan injinan niƙa a Damagaram kan sayi akwatin kondansate (na'urorin da ke rage wa layi nauyin wutar da injina ke ja ba tare da ta yi aiki ba) mai sarrafa kansa don gyara kosinus fi, wato ma'aunin kason wutar da ke yin aiki cikin wadda aka ja, wanda in ya yi ƙasa kamfanin wuta ke cin tara. Lissafin ba wuya. Injinan da ke cin kilowat 100 a kan kosinus fi 0,75 suna jan kVA 133 (ma'aunin jimillar wutar da ake ja) daga taransifoma. A kai su 0,95, sai ya sauko 105, kuma kondansate masu kvar 55 (ma'aunin ƙarfinsu) ke wannan aiki. Amma sau da yawa a kafa akwatin, takardar kuɗin wuta ta zo da tararta yadda ta saba.

Maigida, fara da zoben nan mai auna wuta, TI. Nan aka fi yin ɓarna. Wurinsa babbar wayar shigowa, kafin ta rabu zuwa injina da akwatin. In aka ɗaura shi a wayar injina kaɗai, na'urar da ke sarrafa akwatin ba ta ganin abin da kondansate suka gyara, sai ta yi ta ƙara mataki, wato rukunin kondansate, har ta kunna su duka. Da dare injina sun tsaya, ƙarfin wuta ya hau. In kuwa an juya wayoyin zoben biyu, S1 da S2, tana iya ƙin kunna ko ɗaya. Gyaran na rabin yini ne, ba sai an sayi komi ba.

Sai zafi. Yawancin kondansate iyakarsu digiri 55 ne, mu kuwa a Afrilu da Mayu waje ma ya haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano. Ƙurar hunturu ta toshe matatar fanka, ba mai kakkaɓewa. Kondansate ba ya ihu in zai mutu, ƙarfinsa ne ke zurarewa. A sa ma'auni: matakin kvar 25 a wutar bolt 400 ya kamata ya ja amfiya 36. Wanda ya kumbura a cire shi, amma bayan an yanke wuta a jira minti 3 aƙalla, a auna, sannan a taɓa.

Inda akwai na'urorin rage gudun inji, suna cusa wa layin mai hertz 50 dattin hertz 250 da 350, kondansate tsirara, marar kariya, ya sha su ya ƙone. A haɗa masa naɗin waya na kariya, irin na kashi 7 cikin 100. Kontakta ma, makunnin da ke kunna kondansate da kashe shi, a sayi nasa na musamman, na gama-gari bakinsa narkewa yake.

In wutar NIGELEC ta ɗauke aka tada janareto, a sa akwatin ya fita daga layi da kansa, don kondansate da yawa kan rikita ƙarfin wutar janareto.